Akitek da Digirin Ƙwarewa: A Tafi Waje Ko a Zauna a Koyi Gini?

Tsakanin Oktoba da Janairu ne yawancin manyan makarantun zanen gine-gine na Turai da Amurka suke karɓar takardun masu neman digiri na biyu, kuma a daidai wannan lokacin ne wata gardama take tashi a ofisoshin akitek na Kano da Kaduna da Abuja. Yaro ya gama karatu a Zariya ko Jos ko Minna ko Bauchi ko Wudil, ya yi bautar ƙasa, ya samu kujera a ofishin wani babba yana zana masa filan. Sai a wayi gari ya ce shi fa waje zai tafi ya ƙware a fanni guda: ginin ƙasa, ko adana tsofaffin gine-gine, ko zane da lissafin kwamfuta, ko dabarun gina gida mai sanyi ba tare da na'ura ba. Nan take ofis ya rabu biyu. Wasu su ce Allah ya sa a je a sa'a, wasu su ce dukiyar ubansa zai je ya ƙone. An daɗe ana kai ruwa rana a kan wannan, don kowane ɓangare yana da sunayen da zai kira ya ce ga shaiduna nan.

Kafin a saurare su, sai an raba wasu abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai digiri na biyu na shiga sana'a. A Najeriya hanyar sananniya ce: digiri na farko, digiri na biyu a makarantar da aka amince da ita, aƙalla shekara 2 ana aiki a ƙarƙashin mai rajista, sai jarrabawa, sannan hukumar ARCON, wadda dokar soja mai lamba 10 ta 1969 ta kafa, ta ba mutum hatimi. Wannan babu mai ja a kansa, duk mai son a kira shi akitek a gaban doka sai ya bi ta nan.

Na biyun shi ne digirin ƙwarewa, wanda ake yi a kan fanni ɗaya tak. Makarantar AA ta Landan tana da shirin DRL tun 1997, wata 16 ana zane da kwamfuta. Jami'o'in Harvard da MIT a Amurka suna da shirin Aga Khan kan gine-ginen Musulunci tun 1979. A Grenoble ta Faransa akwai cibiyar CRAterre, ita ma ta 1979, inda ake shekara 2 a kan ginin ƙasa kaɗai. A Leuven ta Beljiyam akwai cibiyar Raymond Lemaire ta adana tsofaffin gine-gine, a Stuttgart ta Jamus kuma akwai ITECH, inda ɗalibai suke gini da mutum-mutumi. Yawancin irin waɗannan shirye-shiryen ba sa ba mutum izinin sa hannu a kan zane, ko a ƙasar da aka yi karatun. A kansu ake muhawarar.

Abin da masu goyon baya suke cewa

Hujjarsu ta farko ita ce karatunmu na gida yana fitar da mutum ya san kaɗan daga komai. A shekara shida ya zana makarantar firamare, ya zana asibiti, ya zana otel da filin jirgi, amma ba a taɓa zaunar da shi wata shida a kan tambaya guda ba. Alhali matsalolin da ke gabanmu na masu zurfi ne.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, wani ɓangare na Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. Ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne na shekarun 1830, wanda duk ɗalibin zanen gini a Arewa ya san hoton bakan gizonsa. A Satumban 2024 ruwan sama ya rusa tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19. Ganuwar Kano, da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, kullum ƙara zaizayewa take yi. Masu goyon baya suna tambaya: a cikin dubban masu digirin zanen gini da muke da su, mutum nawa ne za a kai gaban tsohon soro su iya faɗin inda danshi yake shiga, ko azarar da ke cikin rufin ta fara ruɓewa, ko tsagar da ke bango ta tsaya ko tana tafiya? Mutum nawa ne suka san cewa yaɓa wa bangon ƙasa siminti, wanda ake yi da niyyar kare shi, yakan kulle ruwa a ciki har bangon ya ci kansa ta ƙarƙashi? Wannan ilimi ne mai zaman kansa, da na'urorinsa da ƙa'idojinsa. Tsohon garin Agadas, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsayin mita 27, ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013, kuma irin wannan matsayi ba ya samuwa sai da mutanen da suka iya auna gini, su rubuta tsarin kula da shi yadda hukumomin duniya za su karɓa.

Hujja ta biyu ta zafi ce da tsadar siminti. Sarrafa siminti shi kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar carbon dioxide da duniya ke fitarwa, kuma a farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000 a kasuwanninmu. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano a Sakkwato cikin Afrilu ba ya bukatar lacca, ya san tsohon soron kakarsa ya fi sanyi. To amma ma'aikatar ayyuka ba ta karɓar "haka kakanninmu suka yi" a matsayin hujja, banki ma haka. Lamba suke so. Nauyi nawa bulon zai ɗauka? Yumɓu nawa, yashi nawa ke cikin ƙasar? In za a matsa ta da inji, siminti kaɗan nawa za a zuba, kashi 5 ko 8? A irin makarantar Grenoble, aikin ke nan dare da rana: a tankaɗe ƙasa, a jiƙa, a matsa, a fasa, a rubuta. Wanda ya dawo da wannan, in ji su, shi ne zai iya zama gaban injiniya da ɗan kwangila ya kare ginin ƙasa da harshen da suke ji.

Sukan kawo Mariam Issoufou Kamara ta Nijar. Kwamfuta ta fara karantawa a Amurka, daga baya ta koma zanen gini a Jami'ar Washington, ta dawo Yamai ta buɗe ofis a 2014. A Dandaji, cikin jihar Tawa, ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da bulon ƙasa matsattse, aka gama a 2018. Yau farfesa ce a ETH ta Zurich. Da ta zauna gida, in ji masu goyon baya, wa zai san Dandaji?

Martanin masu adawa

Su da lissafi suke farawa. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin a kai tsakiyar 2024 ta haura 1,500. Kuɗin makaranta kaɗai a irin waɗannan shirye-shirye na Landan yakan wuce fam 30,000, wato sama da naira miliyan 60 a lokacin da fam ya kai 2,000, ba a zo maganar haya da abinci da kayan haɗa samfurin gini ba. Jamus da ake cewa kyauta ce, sai ka ajiye yuro 11,904 a asusun da ba ka taɓawa sai wata-wata kafin a ba ka biza, kuma jihar da Stuttgart take ciki tana karɓar yuro 1,500 duk zango daga ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba. Asusun TETFund, da malaman jami'a suke dogaro da shi, ya dakatar da tura mutane waje daga farkon 2025. To yaron da albashinsa a ofis bai isa kuɗin mota da kati ba, a ina zai samo? Gona za a sayar, ko filin da uwa ta ajiye don auren ƙannensa. Shekara nawa zai yi yana zana gidaje kafin ya mayar?

Sai hujjar da suka fi ji da ita: manyan da ake taƙama da su a wannan fanni, wanne ne ya yi digirin ƙwarewa? Babban Gwani bai shiga aji ba. Falke Barmou, maginin da ya fara masallacin Yama ta Nijar a 1962, ya karɓi lambar yabo ta Aga Khan a 1986, kuma shi ne ya gina tsohon masallacin Dandajin da ake magana. Demas Nwoko zane-zane ya karanta a Zariya, ba gini ba, amma shi aka ba babbar lambar zinariya ta baje kolin gine-gine na Venice a 2023. Francis Kéré na Burkina Faso, ɗan Afirka na farko da ya ci lambar Pritzker a 2022, da sana'ar kafinta ya shiga Jamus, kuma ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001 tun bai gama digirinsa na gama-gari a Berlin ba. Ita kanta Mariam Kamara, digirin shiga sana'a ta yi, ba na ƙwarewa ba. Hassan Fathy na Masar, da ake karanta littafinsa a duk waɗannan makarantu, sai da ya je kudu ya ɗauko maginan Nubiya suka nuna masa yadda ake rufin baka da bulon ƙasa ba tare da katako ba.

Nan sai muryarsu ta ɗan yi ɗaci. Ka biya miliyoyi, ka shiga ɗakin karatu a Landan, me za ka tarar a kan gininmu? Littafin Moughtin na 1985 kan ginin Hausawa. Binciken Schwerdtfeger kan gidajen Zariya. Juzu'i uku na Dmochowski, mutumin Poland ɗin da ya yi shekaru yana auna gine-ginen Najeriya, aka buga a 1990, bayan rasuwarsa. Daga bakin wa suka ji? Daga bakin maginanmu. Maginin da zai nuna maka yadda ake cuɗa birji da ciyawa a bar shi ya kwana ya ruɓa kafin a mulmula tubali, yadda ake jera tubalin kai sama gindi ƙasa, yadda ake tsaga giginya a fitar da azarar da gara ba ta ci, a ɗaure ta hawa-hawa don ita kaɗai ba ta ƙetare fiye da kamar mita 2, yadda ake haɗa laso da katsin marina da gashin jima da dafara, da yadda ake jiƙa makuba a shafe bango, yana nan a cikin birni, kuɗin Keke Napep ne tsakaninka da shi. Kwafin masallacin Zariya ma, girmansa guda, yana tsaye a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Wane irin karatu ne zai sa ka tsallake duk wannan ka tafi ƙasar da rana ba ta fitowa don a koya maka ginin ƙasar zafi?

Hujja ta uku kasuwa ce, kuma duk wanda ya zauna a ofishin akitek ya ga irinta. Matashi ya shimfiɗa zane a gaban mai gida, ya yi bayanin bango mai kauri, tsakar gida, ƙananan tagogi ta yamma, bulon jar ƙasa. Mai gida ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Akitek, ni da na bar ginin ƙasa a ƙauye, shi za ka dawo mini da shi? Dakin nake so, da pila biyu a ƙofa, da gilashi irin na gidan wane." Yaro ya ce, "Ranka ya daɗe, zai fi sanyi." Ya ce, "Sola zan sa." Magana ta ƙare. Fathy ma haka ta same shi a Sabuwar Gurna a shekarun 1940: ya gina ƙauye mai kyau, da yawa daga waɗanda aka gina dominsu suka ƙi komawa. Wanda kuwa ya koyi gini da mutum-mutumi, ya dawo inda birkila yake aiki da igiya da cebur kuma wuta ba ta kwana, abin da ya koya sai ya zama labari. Abokin karatunsa da ya zauna ya riga ya karɓi hatimi, ya san 'yan kwangila, ya san ƙofofin ma'aikata. Mai digirin waje sai ya dawo ya zauna a ƙarƙashinsa yana jiran ya sa masa hannu.

Masu goyon baya sun dawo

Ba su musa tsada ba. Abin da suke cewa shi ne ba kowa ke biya daga aljihu ba. Akwai tallafin Chevening na Ingila, da ke neman shekara 2 ta aiki kuma ya wajabta wa mutum komawa gida na shekara 2. Akwai na Commonwealth, akwai na DAAD na Jamus da ke da kaso na musamman ga fannonin raya ƙasa. Wuya gare su, amma ana samu.

Kan maganar magina kuwa, suna ganin masu adawa sun faɗi rabin gaskiya ne. Ilimin yana nan, amma a hannun wa? Dattawa ne, kuma 'ya'yansu sun koma bulo da rodi don can abinci yake. In ba a samu wanda ya auna, ya gwada, ya rubuta ba, ranar da aka binne tsohon da shi za a binne lason. Hamman Tukur Saad ɗan gida ne, amma a Jami'ar Michigan ya rubuta kundin digirinsa na uku kan kyan ginin Hausa a 1981, bayan ya zauna da magina, kuma har yau ana komawa gare shi. Da bai samu wurin da aka ba shi lokaci da horon bincike ba, da hirar ta tsaya a zaure. Fathy da ake kafa hujja da shi, maginan Nubiya sun yi ƙarnuka suna rufin bakansu, amma sai da mai ilimin makaranta ya zo kafin duniya ta ji.

Sun kuma tuna mana cewa sashen zanen gine-gine na Zariya kansa, uban duk sassan ƙasar nan, ba daga ƙasa ya tsiro ba. A Ibadan aka fara shi a 1952, aka dawo da shi Zariya a 1955, kuma baƙi ne suka fara koyarwa. A ƙarshen 2022 hukumar jami'o'i ta ƙasa ta fito da sabuwar manhaja da ta rarraba fannin zuwa rassa, har da tsara cikin gida da tsara filaye da lambuna. Wa zai koyar da rassan nan in babu wanda ya je ya ƙware? Sai dai a ɗauki malami guda a riƙa canza masa suna a jadawali.

Ita kanta neman shigar

A nan ma ba a jitu ba, kuma ni a ganina nan ne gardamar ta fi daɗi. Abin da makarantun suke nema kusan iri ɗaya ne: kundin ayyuka na shafuka ƙayyadaddu, takardar bayyana manufa, wasiƙun shaida biyu ko uku, cikakken sakamakon jami'a, da jarrabawar Turanci ko Faransanci. Kundin shi ne zuciyar abin. Ɗalibanmu sukan cika shi da hotunan kwamfuta masu ƙyalli, otel mai hawa 20, motoci a gaba, sama shuɗiya. Masu tantancewa kuwa sun ga dubu irinsa. Su hanyar tunani suke nema: zanen hannu na farko, samfurin kwali da ya karkace aka gyara, yankan gini da ke nuna yadda rufi ya hau bango, hoton wurin aiki da laka a ƙafa. Shafi guda da ke nuna yadda ka auna zauren gidanku, ka gano dalilin da ya sa iska take ratsa shi, ya fi otel goma.

Masu adawa suna cewa wannan tsarin na 'ya'yan masu hali ne. Kuɗin cike takarda kowace makaranta daban, kuɗin jarrabawar harshe, zirga-zirgar karɓo sakamako daga jami'a da kan ɗauki watanni, malamin da za ka bi sau biyar kafin ya rubuta maka layi shida. Wanda yayansa ya taɓa zuwa ya san sirrin, ɗan talaka kuwa da ka yake harbi. Ga kuma wani abu da suke faɗa a hankali: an gano abin da Turawa suke son ji. Sai ka ga yaron da aka haifa a gidan siminti, bai taɓa taka birji ba, ya rubuta shafi biyu kan ƙaunarsa ga tubali da talakawan karkara. Ya samu gurbi, ya gama, ya zarce wani ofis a Landan ko Dubai yana zana gilashi. Tubalin tikitin jirgi ne kawai.

Ɗaya ɓangaren ya ce ko da haka ne, zaman rubuta takardar manufa yana tilasta wa mutum abin da shekara shida ba su tilasta masa ba, wato ya faɗi tambayarsa a jimla uku. Da yawa a nan suke gane ba su da tambaya, fita kawai suke so, kuma gane hakan ma riba ce. Wasu kuma a nan suke gano abin da za su yi wa aiki har tsufa, ko an ɗauke su ko ba a ɗauke su ba.

Kalmar ƙarshe ta masu adawa ita ce akwai hanyoyi tsakanin tafiya da zama. Cibiyar ginin ƙasa ta Auroville a Indiya tana koyar da bulo matsattse a gajerun kwasa-kwasai. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, da aka kafa a 1978, ta daɗe tana ƙera injin buga bulon ƙasa. 'Yan Nijar sun saba zuwa makarantar EAMAU ta Lome, akwai kuma Johannesburg da Cape Town. Sannan ga mata: tun Janairun 2024 Ingila ta hana ɗaliban digiri na biyu na aji tafiya da iyali. Matar aure mai goyo, wadda ta fi kowa iya zane a ajinsu, ita wannan muhawarar ma ba da ita ake yi ba, sai an kawo karatun kusa.

In aka tankaɗe

Abu na farko da ya kamata a zubar shi ne jerin manyan sunaye, daga kowane ɓangare. Kéré da Nwoko da Falke Barmou ba ma'auni ba ne ga yaron da ke zaune a ofis a Zoo Road ta Kano yana tunanin makomarsa. Cewa gwani ya yi ba tare da digiri ba bai nuna cewa kowa zai iya ba, kamar yadda nasarar Mariam Kamara ba ta nuna cewa jirgi ne ya ba ta basira ba. Abin da kawai suka haɗu a kai shi ne dukkansu sun daɗe a wurin gini, tare da masu aikin hannu.

Lissafin masu adawa kuwa ban ga ta inda za a rusa shi ba. Wanda za a sayar wa gona don ya yi wata 12 a Landan, ya dawo babu hatimi, babu ofishin da ke jiransa, an cuce shi an cuci gidansu, kuma duk malamin da ya zuga shi yana da alhaki. Da tallafi cikakke, magana ta canza, don abin da zai yi asara lokaci ne kawai. Haka nan lokacin tafiyar yana da nauyi fiye da yadda matasa suke so su ji. Ba banza ba masu ba da tallafi suke neman shekara 2 ta aiki. Wanda ya tsaya a kan lebura, ya ga yadda ake satar siminti a kwaɓi, ya ga damina ta gwada rufinsa, in ya shiga ajin Grenoble ko Leuven ya san abin da zai tambaya. Wanda ya tafi daga aji zuwa aji, duk abin da aka ba shi zai karɓa, har da wanda ba shi da amfani a nan.

Inda nake ganin masu adawa sun yi gaggawa shi ne haɗa fannonin duka a kwando ɗaya. Adana tsofaffin gine-gine da gwajin kayan gini suna bukatar ɗakin gwaji da ƙa'idojin da gajeren kwas ba ya bayarwa, kuma abin da ya faru a Zariya da Damagaram ya isa ya nuna akwai giɓi. Zaman zaure da Sarkin Magina wajibi ne, amma ba zai gaya maka nauyin da tsohuwar azara za ta iya ɗauka bayan shekara 190 ba, shi ma bai taɓa aunawa ba. Hatta zane da lissafin kwamfuta da aka fi yi wa dariya, ba duka ne mutum-mutumi ba. Lissafin inda rana take faɗawa a bango a watan Afrilu, da faɗin inuwar da za ta tare ta, kwamfutar cinya ta isa. Ko wannan ya cancanci shekara 2 da miliyoyi, ko ana iya koyonsa a intanet da dare, a nan kam masu sana'ar kansu ba su daidaita ba, kuma ina jin amsar ta danganta da irin mutumin.

Akwai tambayar da ɓangarorin biyu suke kewayewa. A ce yarinya ko yaro ya bi duk sharuɗɗan: ya karɓi hatimi, ya yi shekarunsa a wurin gini, ya zauna da magina, ya samu tallafi, ya je ya ƙware a adana ginin ƙasa, ya kuma dawo. Wa zai ɗauke shi? Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ce za ta buɗe masa gurbi, ko masarautun da tsofaffin fadoji da masallatai suke hannunsu, ko gwamnatocin jihohi da suka fi son a rushe a zuba kankare don a ga aiki kafin zaɓe? Masu goyon baya suna cewa sai an samu ƙwararrun kafin a san ana bukatarsu, su ne za su buga ƙofa har a buɗe. Masu adawa suna cewa sai an ware kuɗin aikin a kasafi kafin a tura ɗan wani ya ƙware a kansa. Ni na fi karkata ga na farkon, amma ba ni ne zan biya wa wanda ya dawo kuɗin haya ba a shekarun da zai yi yana buga ƙofar.